Tseren Masu Durƙuso

Takardar ta zo ne ranar wata Laraba a kwalekwalen masu kai busasshen kifi kasuwa, a naɗe cikin tsumma don kada ta jiƙe. Malam Sa'idu ya karanta ta a tsaye a bakin ruwa, ya sake karantawa yana tafe, ya kuma karanta ta karo na uku a ƙarƙashin rumfar da ake kira makarantar elementare ta Jigawar Fannami. Magana biyu ce a ciki. Ta farko, ofishin ilimi ya ce duk makarantar ƙauyen da ɗalibanta ba su kai ashirin da biyar ba kafin ƙarshen zango, za a rufe ta, a mayar da malaminta birni. Ta biyu, nan da mako biyar za a yi makon wasanni na makarantu a Haɗeja, kowace makaranta ta kawo yaranta.

Yaransa goma sha bakwai ne. Ya san haka kamar yadda ya san sunansa, amma sai da ya ɗaga kai ya ƙirga su, ko Allah ya ƙaro ɗaya bai sani ba.

Shekara biyu ke nan da aka turo shi wannan tudun yashi da ruwa ke kewayewa tun daga tsakiyar damina har bayan kaka. Da hannunsa ya kafa dirkokin rumfar, da hannunsa ya ɗaura zana, shi ya shafe allon bango da baƙin tukunya. Mutanen garin masunta ne da manoman shinkafa, ba su ƙi shi ba, ba su kuma rungume shi ba. Dagacinsu, Bulama Ari, ya ba da yara huɗu daga gidansa, waɗansu suka biyo baya da ɗaiɗai, sauran kuwa suka zuba ido su ga abin da boko zai mayar da yaran Bulama. Duk wanda Malam Sa'idu ya je wa da roƙo, amsa ɗaya ce: “To, Malam, bari mu gani.”

A ranar ya ƙudura a ransa cewa zai ba su abin gani. In yaran nan suka dawo daga Haɗeja da garkuwar makarantu a gaban kwalekwale, wane uba ne zai ƙara ɓoye ɗansa a bayan rumbu? Ƙwallo dai ba su da ita. Jan igiya kuma na masu ƙiba ne, nasa yaran duk sirara ne kamar karan gero. Amma gudu! Yaran da suka tashi suna korar tsuntsaye a gonakin shinkafa, ruwa har ƙwauri, in suka taka busasshiyar ƙasa ai tashi za su yi. Ita garkuwar kuma a kan tseren miƙa sanda ake ba da ita: yara huɗu, kowa ya yi yadi ɗari ya miƙa wa na gaba.

Ya sari reshen giyayya mai tsawon kamu ɗaya, ya feƙe shi sumul. Ya ɗauko littafin wasannin da ya zo da shi daga makarantar horon malamai, ya buɗe shafin da aka zana yaro yana gudu, ya miƙa hannun hagu baya, wani na danƙa masa sanda. Ya zaɓi huɗun da suka fi kowa gudu, sai ga shi duk 'yan gidan Bulama ne: Bunu, dogo, ɗan shekara sha uku, wanda ko kare ba ya kama shi, Shu'ibu mai yawan surutu, Isa mai shiru da saurin hawaye, sai Auta, ɗan firit, wanda bai fi shekara tara ba.

Kwana shida yana fama. Yaran na gudu kamar iska, amma da zarar an zo miƙa sandar sai su ja birki. Mai miƙawa ya tsaya cak, ya rage tsawo. Mai karɓa ya juyo, ya kawo hannun dama.

“Hagu! Na ce hagu! Kada ka waiwayo!” Muryarsa har ta dushe.

“Malam, hannun ne ke ƙi,” in ji Shu'ibu. “Wallahi na aike shi, shi ne ya dawo.”

A rana ta bakwai abin ya yiwu. Isa ya sheƙo a guje, Shu'ibu ya ba shi baya ya fara gudu, ya jefa hannun hagu, sanda ta faɗa tafinsa ba tare da kowa ya tsaya ba. Malam Sa'idu ya daka tsalle ya yi kabbara, hularsa ta faɗi. Da ya sunkuya ɗaukarta sai ya ga ƙafafu a gabansa, caɓe-caɓe da lakar fadama. Bulama Ari ne, lauje a kafaɗa, yana dawowa daga gona.

“Sannu da aiki, Malam.”

“Ranka ya daɗe, barka da dawowa. Ka ga abin da yaranka suka...”

“Na gani.” Tsohon ya miƙa hannu, Shu'ibu ya durƙusa ya ba shi sandar. Ya jujjuya ta. “Na ga ƙane ya cusa wa wansa abu a guje kamar ana korarsa. Na ga wan ya ba shi ƙeya, ya karɓa da hannun da ake kama ruwa da shi. Wannan ne karatun?”

“Wasa ne, Baba. Haka dokar wasan take, ga shi ma a littafi.”

“Wanda ya rubuta littafin, a gidan wa ya tashi?”

Yaran suka sunkuyar da kai. Bulama bai ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi ciwo. Ya ce da ma mutane sun faɗa masa boko na cire wa yaro kunya kamar yadda ake fere ƙaya daga jikin kifi, a hankali, har ya zama ba abin da ya rage. Shi ne ya ƙaryata su. Yau ga shi ya gani da idonsa, a fili, har ana yi masa kabbara.

“Ka ji ni, ɗan birni. Sandar nan, ko dai a miƙa ta yadda ake miƙa abu a gidana, ko a jefa ta a ruwa. In na sake ganin abin da na gani yau, shinkafa na jiran masu yanka. Zan kwashe huɗuna.”

Ya ajiye sandar a ƙasa ya wuce. Malam Sa'idu ya san in huɗun nan suka tafi, kafin Juma'a ba zai sami ko biyar a rumfar ba.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa Saude a tsakar gida tana turara shinkafa, hayaƙi ya sa idonta ja. Wata takwas da aurensu, amma har yanzu in ta ɗago ta dube shi sai ya manta rabin abin da ya shigo da shi. Yau kam bai manta ba. Ya zube a kan turmi ya kwashe labari ya faɗa mata, har da abin da bai faɗa wa kowa ba: cewa in aka rufe makarantar nan, zai koma birni ne a matsayin wanda aka ba yara sha bakwai ya kasa riƙewa. Kuma Isa ya fara haɗa baƙi. Jiya-jiyan nan ya karanta “ruwa” shi kaɗai, ya yi ta dariya kamar an yi masa cakulkuli.

Saude ta juya shinkafar da muciya, ta rufe.

“Malam, in tambaye ka. In an gama cin tuwo a zauren Bulama, wa ke miƙa wa wa kwano?”

“Ina ruwan tuwo da...”

“Ni dai amsa mini.”

“Babba ke miƙo wa yaro.”

“To. Shi babban, ko a tsaye yake ko a tafe, akwai mai cewa ya yi rashin kunya? Yaron ne ke durƙusawa ya tara hannu biyu. Kai ne ka ɗauki sandarka kana tura ta sama. Sauko da ita ƙasa mana. Babba ya fara, ya ba na ƙasa da shi.”

Ya dube ta. Sannan ya girgiza kai. “Durƙuson zai cinye mana lokaci. Kafin ya tashi an wuce shi.”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. “Kai dai ba ka zama cikin gidajen garin nan. Ka taɓa ganin yaro ya durƙusa an miƙo masa kan kifi, ga 'yan'uwansa na jira su ƙwace? Kafin ka ƙifta ido yana bayan gari.”

Ya miƙe zumbur, har ya kai ƙofa ya dawo. Bai san abin da zai ce mata ba, sai ya ce, “Hayaƙin nan zai ɓata miki ido.” Ta ce, “Tafi dai, na ji godiyar.”

Ya bi shafukan littafin layi-layi. Doka ta ce a miƙa sandar tsakanin zane biyu, kada a jefa ta. Ba inda aka ce dole da hagu, ba inda aka hana durƙuso. Hoton ne kawai ya ruɗe shi.

Washegari ya jera su da shekaru: Bunu, Shu'ibu, Isa, Auta. Ya ce kowa ya tsuguna a kan yatsun ƙafa, ya fuskanci mai zuwa, ya tara hannu biyu, da ya ji sanda ya juya ya tashi. Bunu ya ba Shu'ibu, lafiya lau. Shu'ibu ya ba Isa, lafiya lau. Isa ya iso gaban Auta, sai ya ja ya tsaya, shi ma ya durƙusa. Ga su nan su biyu a tsugune suna kallon juna kamar kwaɗi, sanda a tsakani.

“Isa! Mene ne kuma?”

“Malam, ai baffana ne.”

Sauran yaran da ke kallo suka fashe da dariya. Malam Sa'idu ya dafe kai. Ya sani sarai cewa Auta ɗan Bulama ne na cikinsa, wanda ya haifa da tsufa, sauran ukun kuwa jikoki ne. Amma shekara biyu yana jera su a aji da tsawo, har ya manta cewa a gida wannan ɗan firit ɗin ne ke fara sa hannu a kwano.

“To, Baffa,” in ji shi, “kai za ka fara.”

Sabon jeri ya zama Auta, Bunu, Shu'ibu, Isa. Nan ne Bunu ya ɓata rai. Ya san yadda abin yake, wani ɗan kwalekwale ya ba shi labari: wanda ya zo ƙarshe ya tsinke zare da ƙirjinsa, shi ake ɗagawa sama, sunansa ake kira. Yanzu an ce shi ya yi gudun tsakiya, ya bar wa Isa, Isan da ko akuya ta harare shi sai ya yi ƙwalla.

Kwana biyu bai zo makaranta ba. A na uku Malam Sa'idu ya same shi a bakin ruwa yana ɗinke homar kamun kifi. Ya naɗe wandonsa ya zauna kusa da shi a kan jiƙaƙƙen yashi.

“Ni na fi kowa gudu, Malam.”

“Kai ka fi kowa.”

“To, don me?”

“Auta zai dawo mana a baya. Ƙafarsa gajeriya ce, manya za a haɗa shi da su. In ba a sami wanda zai cike wannan ramin nan take ba, Shu'ibu zai karaya, Isa kuwa kuka zai yi tun sanda ba ta zo ba. Ina da mutum ɗaya da zai iya karɓar sanda a na ƙarshe ya miƙa ta a na farko. In ya ƙi, babu tsere.” Sannan ya faɗa masa gaskiyar da ke cikin takardar, ta rufe makaranta. Bai taɓa faɗa wa yaro irin wannan ba.

Bunu ya ci gaba da ɗinki, bai ɗago ba. Can ya ce, “Isa ba ya iya numfashi in ya yi nisa. Da baki yake ja. Sai an koya masa.”

“Wa zai koya masa?”

Yaron ya cije zaren ya tsinke shi. “Wa kuma.”

Daga ranar Jigawar Fannami ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Da hantsi kafin karatu, yara sha bakwai na gudu a gefen fadama cikin ruwa iya ƙwauri, har da waɗanda ba sa cikin tseren, don Malam ya ce ba wanda zai zauna kallo. Da la'asar sakaliya kuma sai horon miƙa sanda: tsuguna, tara, juya, tashi. Sau hamsin, sau sittin. Gwiwoyi suka ƙuje, Saude ta riƙa shafa musu man shanu. Bunu na bin Isa a baya da tsumagiyar kaba yana cewa, “Rufe bakin, ƙuda zai shiga!” Auta kuwa tunda ya ji Malam ya kira shi Baffa ya ɗauki girma, yana tafe hannu a baya yana duba ko an share fili. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suna tsayawa da tuluna a kai suna dariya. Tun durƙuson na ɗaukar numfashi uku, ya koma biyu, ya koma ɗaya.

Saura kwana uku a tafi, Malam Sa'idu ya je zauren Bulama ya zauna a ƙasa ya roƙe shi ya biyo su.

“Me zan je yi? Kallon yara na guje-guje?”

“Ka ce a miƙa ta yadda ake yi a gidanka, ranka ya daɗe. Wa zai shaida an yi, in ba mai gidan ba?”

Tsohon ya daɗe yana tauna goro. “Da ma ina da mai gyaran tarun kamun kifi da zan gani a birni,” in ji shi.

Yini guda suka yi a hanya, rabi a kwalekwale cikin bado da agwagin ruwa, rabi a ƙasa. Haɗeja ta cika da yara. An share wani babban fili a bayan gari, an zana layuka da farar ƙasa, an kakkafa tutoci. Makarantu shida ne suka zo, kowacce da launin ƙyallen da yaranta ke ɗaurawa a ƙugu. Nasu kore ne, Saude ta yanka daga wani tsohon zanenta. Ranar Litinin aka yi tsallen nesa, Shu'ibu ya zo na huɗu. Talata aka yi jan igiya, aka ja su a ƙasa kamar buhunan ƙaiƙayi, suka tashi suna kakkaɓe jiki suna dariya. Laraba langa. Alhamis bayan la'asar, ranar rufewa, aka kira tseren miƙa sanda.

Garkuwar na kan tebur a gaban Baturen makarantu da manyan malamai, katako mai sheƙi da ƙarfe a tsakiya. Malam Sa'idu ya kalle ta sau ɗaya ya kawar da kai. Can gefen layi ya hango Bulama a kan buzunsa, fuska a ɗaure.

Yaran suka tafi wurarensu. Na sauran makarantu suka tsaya a tsaye, suka ba da baya, suna karkaɗa hannun hagu. Bunu, Shu'ibu da Isa kuwa kowa ya juyo, ya tsuguna, ya tara hannu biyu.

Dariya ta tashi daga wannan gefe ta zagaye filin.

“Kai, 'yan su! Gaisuwa kuka zo yi?”

“A ba su sadaka mana, ga shi sun tara hannu!”

“Malam, kashi yaranka ke ji?”

Malam Sa'idu ya yi kamar bai ji ba. Alƙalin wasa ya taho da sauri yana tambayar ko wannan mene ne. Malam ya buɗe masa littafin, ya ɗora yatsa a kan dokar. Mutumin ya karanta, ya ɗaga kafaɗa, ya koma ya sa usur a baki.

Usur ya tashi.

Auta ya yi iya yinsa, Allah ya sani. Ƙananan ƙafafunsa na dukan ƙasa kamar ana kiɗan ƙwarya, amma sauran sun girme shi, sun fi shi tsawo. Shi ne na shida, tazarar ta kai yadi goma sha biyar. Ya iso gaban Bunu ya ce da ƙarfi, yadda duk filin ya ji, “Ungo, yaro!” Bunu ya karɓa da hannu biyu, ya juya a kan yatsunsa.

Abin da ya biyo baya, Malam Sa'idu bai taɓa iya ba da labarinsa daidai ba. Ya dai ga koren ƙyalle ya miƙe a iska. Ya ga Bunu ya wuce mai rawaya, ya wuce mai baƙi, kansa a sunkuye kamar mai jin haushin ƙasa. Masu dariya suka yi tsit. A wurin miƙawa na biyu, mai shuɗin ƙyalle ya fara gudu da wuri, ya yi ta lalube a bayansa bai sami komai ba, sai da ya tsaya ya dawo. Masu ja kuwa sandarsu ta suɓuce tsakanin hannu da hannu ta yi birgima a ƙasa. Ta giyayya ta sauka cikin tafuka biyu da ke jiranta, daram.

Shu'ibu ya tashi a na biyu. A gabansa saura mai farin ƙyalle, ɗan wata makarantar cikin birni. Yau kam bakin Shu'ibu a rufe yake. Ya bi shi, ya matse shi, suka iso tare kafaɗa da kafaɗa. Ɗan birnin ya ɗan yi tuntuɓe wurin miƙawa, Isa kuwa ya riga ya karɓa ya juya.

Isa ne a gaba. Isa mai hawaye, shi kaɗai, ga zare can an miƙe.

“Isa! Isa! Rufe bakin!” Bunu ke ihu daga tsakiyar fili, yana bin sa ta gefe duk da gajiyarsa. Malam Sa'idu bai san lokacin da ya fara gudu shi ma ba, riga na kama masa ƙafa. Yadi hamsin, Isa na gaba. Yadi saba'in, yana gaba. Amma na ƙarshen masu fari shi ne gwaninsu, ƙato ne, don wannan wurin aka ajiye shi. Ya taho kamar ana ingiza shi. Saura taku biyar ya kamo Isa, saura biyu ya wuce shi da faɗin ƙirji.

Zare ya tsinke a jikin mai farin ƙyalle.

Isa ya zube a bayan layi, sandar a ƙanƙame a ƙirjinsa, yana kuka kamar ransa zai fita. Bunu ne ya fara isa. Ya ɗaga shi ya saɓa a kafaɗa, Shu'ibu ya riƙe ƙafafun, Auta na gaba yana buɗe musu hanya. Mutane suka yi ta tafi. Malam Sa'idu ya tafa tare da su, ya yi murmushi, ya shafa kan kowane yaro, ya kuma tsaya har aka miƙa wa wasu garkuwar. A cikinsa kuwa ji yake kamar an zare masa wani abu. Na biyu ba ya zuwa gida da komai a gaban kwalekwale.

A hanyar dawowa Bulama ya ware kansa. Ya zauna a ƙarshen jirgin yana kallon ruwa. Malam Sa'idu ya riƙa lissafa gidajen da zai sake bi ɗaya bayan ɗaya, don ya riga ya yanke cewa ko saura kwana ɗaya ne ba zai naɗe tabarmarsa da kansa ba. Saura kwana tara zango ya ƙare. Zai fara da unguwar masu saƙar taru, in ya so su kore shi.

Ranar Asabar da safe yana cikin rumfa yana rubuta kwanan wata a allo, sai ya ji yaran sun yi shiru irin wanda ba nasu ba. Ya juya. Bulama Ari ne a bakin rumfar, a bayansa ga yara a tsaitsaye, wasu da majina, wasu da ragowar ɗumame a hannu, ɗaya na ta turjewa an riƙe masa wuyan riga.

“Ranka ya daɗe...”

“Na ga garkuwar taku,” in ji tsohon. “Katako ne. Ko kifi biyu ba za a shanya a kai ba.” Ya gyara tsayuwa. “Bayan an tashi, dattawa uku suka taso har inda nake zaune. Ɗaya ma limami ne. Suka ce, yaran nan masu kore, na wane gari ne? Wa ya yi musu tarbiyya, da ko a guje ba sa mantawa da na gaba da su? Na ce ni ne.” Ya ɗan yi tari. “Ban yi ƙarya ba. Ban dai faɗi duka ba.”

Malam Sa'idu ya hau ƙirga. Idonsa na kan yaran, leɓɓansa na motsi. Bakwai, takwas, tara. Tara da sha bakwai.

“Ka daina ƙirga mini jikokin mutane kamar awaki. Tara ne. Na bi gidajen da kaina daren jiya bayan sallar isha'i. Wannan mai turjewar ɗan Umara ne, cizo yake yi, ka kula da yatsunka.”

“Allah ya ƙara girma, Baba. Allah ya...” Ya share ido da hannun riga, bai damu da yara na kallo ba. Sai kuma ya dubi cikin rumfar, tabarma uku, allunan rubutu goma sha biyu. “Sai dai wurin zama bai isa ba. Allunan ma ba za su kai ba.”

“Yashi ya ƙare a garin nan ne? Su rubuta a ƙasa. Tabarma kuma kaba ce, za a saƙa.” Bulama ya juya zai tafi, ya waiwayo. “Baɗi kuma, wannan ƙaton mai farin ƙyalle, ba na son in sake ganin bayansa.”

Malam Sa'idu ya ɗauko rajista, ya tsoma alƙalami a tawada, ya tsuguna a gaban ɗan Umara, nesa kaɗan da haƙoransa.

“To, jarumi. Yaya sunanka?”